Tsofaffin Faya-fayan Rediyo: Dukiya Na Ruɓewa A Ɗakin Ajiya

Daga Wakilinmu

Malamin makaranta idan ya yi ritaya ya kan bar almajirai, magini ya bar gini, marubuci ya bar littafi. Shi kuwa ma'aikacin gidan rediyo, wanda ya shekara talatin da biyar yana yi wa jama'a sallama tun da asuba, ba ya barin kome sai murya. Murya kuwa iska ce. In ba a kama ta a faifai ba, ta tafi ke nan.

A cikin 1962 ne Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN a Kaduna, wanda sashensa na rediyo ya koma hannun Rediyon Tarayya a 1978. A zamanin nan saurayi ya kan fara aiki ne da rataya rakoda a kafaɗa, ya bi kasuwa da fada da filin dambe. Daga nan ya koyi yanke tef da reza ya liƙe, kafin a yarda ya yi magana duniya ta ji. Da irin wannan wahala aka ɗauki waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, da jawaban shugabanni, da tafsirin watan azumi, da wasan Samanja na Usman Baba Pategi. Duk waɗannan bayin Allah da muka ambata sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ke cikin faifai shi ne ya rage.

To, abubuwa uku ne ke neman raba mu da wannan gado. Na farko shi ne tef ɗin kansa. Siririyar leda ce mai faɗin kwatan inci, an shafe ta da garin ƙarfe mai riƙe sauti. Danshin damina ya kan sa ta yi fumfuna, zafin bazara ya tanƙware ta, gam ɗin da ke riƙe garin ya saki. Bugu da ƙari, saboda tsadar tef, gidajen rediyo da dama a duniya sun sha goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai.

Na biyu shi ne injin juyawa. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi sun daina, kayan gyara sun yi wuya. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 kwafe irin waɗannan faya-fayai zai fara gagara. Kowa ya dubi kalanda ya yi wa kansa hisabi.

Na uku, wanda ya fi tsanani, shi ne mutane. Sau da yawa takardar da ke jikin kwali ta koɗe ko ta faɗi. Tsohon ma'aikaci kaɗai ne zai saurara ya ce wane ne ke magana, a wane gari, a wace shekara. Ranar da ya kwanta dama, faifan ya zama maraya.

Aikin ceton ba ya karɓar gaggawa, domin tef na awa guda sai an juya shi awa guda cur kafin ya shiga kwamfuta. Saboda haka ya kamata a fara da waɗanda ba su da na biyu, a zaunar da dattawan aikin su bayyana abin da ke ciki, a kuma ajiye kwafi a wurare kamar Arewa House da ofishin adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafi ya ware wa aikin kuɗi. Ɗalibin Hausa ko na aikin jarida ya ba da hutunsa.

Ran 27 ga Oktoba na kowace shekara ne duniya ke tunawa da irin wannan gado. Kada ta riƙa wucewa da jawabi kawai, don kuwa da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa masu iko su ji.