Kafin Ka Taka Totur: Yadda Ake Zaɓen Makarantar Koyon Tuƙin Mota Mai Tsananin Gudu

A ranar 30 ga watan Nuwamba, 2013, wata mota ƙirar Porsche Carrera GT ta ƙwace wa direbanta a wani titi na garin Santa Clarita, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ta daki turken fitilar titi da itatuwa, ta kama da wuta. Mutum biyu da suke ciki duka suka rasu, wato Roger Rodas wanda yake tuƙi, da abokinsa Paul Walker, ɗan wasan nan na finafinan Fast and Furious wanda samarinmu suka sani sarai. Binciken hukuma ya nuna cewa motar tana gudun kilomita 130 zuwa 150 a awa, a wurin da doka ta ce kada a wuce 72, kuma tayoyinta sun kai shekara tara. Abin lura shi ne, Rodas direban tsere ne wanda ya daɗe yana shiga gasa.

Mun soma da wannan labari ne, 'yan'uwa, domin irin waɗannan motoci ba su tsaya a cikin fim kaɗai ba. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da suke aiki a Amurka da Ingila suna sayensu, ana kuma ganinsu a titunan Abuja da Legas. Wanda ya mallaki irin wannan mota, ba ya daɗewa sai ya ji ana ba shi shawara ya tafi makarantar koyon sarrafa ta. Shawarar tana da kyau. Amma makarantun iri iri ne, kuma wanda ya zaɓa da ka zai iya kashe kuɗi masu yawa ya dawo ya fi dā haɗari a kan hanya.

Dalilin zuwa makaranta

Fijo 504 ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, wadda yawancin iyayenmu suka koyi tuƙi da ita, ƙarfin injinta yana wajen doki 90 zuwa 100. Chevrolet Corvette ta shekarar 2020 tana da kimanin doki 490, Carrera GT kuwa ta haura 600. Lasin da aka ba mutum bayan ya iya ja da baya da shiga kwana bai shirya shi domin wannan ba.

Ga lissafin. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, mai gudun 200 kuwa mita 56. In aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki yake bukata kafin mota ta tsaya takan ninku sau huɗu. Mota mai kyau da za ta tsaya cikin mita 40 daga gudun 100, sai ta ci kusan mita 160 daga gudun 200. In aka ƙara daƙiƙa ɗaya da direba yakan yi kafin ƙafarsa ta kai kan birki, an wuce tsawon filin ƙwallo biyu ke nan. Duk wannan nauyi kuwa yana kan tayoyi huɗu ne, kowace tana taɓa kwalta da wurin da bai fi tafin hannu ba.

Makarantun iri uku ne

Na farko su ne makarantun da kamfanonin motoci suka kafa domin masu sayen motocinsu. Porsche ta soma koyar da irin wannan tuƙi a Jamus tun 1974, BMW kuwa a 1977. Porsche ta buɗe filin horo a Silverstone ta Ingila a 2008, da wani a Atlanta a 2015, inda ake da wurin da ake jiƙa wa ruwa domin ya yi santsi, da wani faifai a ƙasa wanda yake fizgar bayan mota ba zato, domin ɗalibi ya koyi maido ta kan hanya. Wanda ya sayi sabuwar Corvette a Amurka akan rage masa kuɗin kwas na kwana biyu a makarantar Ron Fellows, a filin Spring Mountain na jihar Nebada. Amfanin wannan iri shi ne mutum yana koyo a kan mota irin tasa. Amma kada a manta, kamfani yana so ka ji daɗi ka sāke sayen motarsa, saboda haka wani shirin na rabin yini ya fi kama da talla.

Na biyu su ne makarantun tsere na ainihi, waɗanda suke shirya mutum domin gasa. Bob Bondurant, wanda ya bar tsere bayan mummunan haɗari da ya yi a Watkins Glen a 1967, ya buɗe tasa a Kalifoniya a 1968, daga baya ta koma Arizona. Skip Barber ya kafa tasa a 1975. A Faransa akwai Winfield, inda Alain Prost ya yi fice a 1975 kafin ya zama zakaran duniya har sau huɗu. A irin waɗannan wurare, kwas na kwana uku yakan buɗe wa mutum ƙofar neman lasin tsere na ɗan koyo. Wanda ba shi da niyyar shiga gasa, yawancin abin da zai biya a nan, kamar dabarun wuce abokin tsere da yadda ake tashi daga layi, ba zai yi masa amfani ba a hanyar zuwa aiki.

Na uku su ne ranakun fili da ƙungiyoyin masu motoci sukan shirya. Mutum yakan zo da motarsa, malami ya zauna kusa da shi, a raba mutane rukuni rukuni bisa ga gwaninta, ba a kuwa tsere. Wannan ya fi araha a wajen biya, amma motarka ce za ta sha wuyar, in kuma ta daki katanga, kai ne da asara.

Ga mai sabuwar mota, shawararmu ita ce ya fara da kwas na sarrafa mota na yini ɗaya ko biyu, a cikin motar makaranta, sa'an nan ya duba ko yana bukatar ƙari. Wanda yake zaune a Nijeriya ba lalle sai ya kai Amurka ba. Akwai irin wannan horo a Dubai Autodrome da Yas Marina ta Abu Dhabi, da kuma filin Zwartkops kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu.

Abin da ya kamata a koya

Makaranta ta gari takan fara da zama. Sai a gyara kujera yadda ƙafa za ta danne birki har ƙasa ba tare da gwiwa ta miƙe sarai ba, hannu biyu kuma a kan sitiyari, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga nan sai ido. Mota takan bi inda direba yake kallo, shi ya sa wanda ya ƙura wa itace ido yakan dake shi. Ana koya wa ɗalibi ya riƙa duban nesa, ya kalli inda yake so ya fita.

Sai birki. Mutane da yawa ba su taɓa taka birki iyakar ƙarfinsu ba, kuma ranar da suka yi, in na'urar ABS ta soma karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsu, sai su tsorata su ɗaga. Alhali kuwa aikinta ke nan, tana hana taya kullewa domin direba ya iya juya sitiyari yana kan birki. Wannan darasi ɗaya ya isa ya ceci rai a ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo hanya.

Sai kuma nauyi. In ka taka birki nauyin mota yakan koma gaba, in ka taka totur ya koma baya. Wanda ya shiga kwana da gudu, ya firgita ya saki totur farat ɗaya, ya sauƙaƙa bayan motar ke nan, sai ta juya da shi. Wata kuma gaban ne yake ƙin bin sitiyari, ta miƙe ta nufi daji. Kowanne da maganinsa, kuma ba a koyonsa da baki. Sai an ji shi a jiki, a fili mai faɗi wanda babu abin daka.

Tambayoyi kafin ka biya

Ka tambaya minti nawa za ka yi kana riƙe da sitiyari. Kwas na yini guda wanda mutum goma suke jiran mota ɗaya, kallo ka je yi. Ka tambaya ɗalibai nawa ne ga malami ɗaya, kuma ko malamin zai zauna cikin motar tare da kai, ko ta rediyo zai riƙa yi maka magana. Kada kofunan da malami ya ci su ruɗe ka, gama iya gudu dabam, iya koyarwa dabam.

Ka tambayi halin filin. Akwai sarari a bakin kwana inda mota za ta tsaya in ta kauce, ko katanga ce kusa? Akwai motar asibiti da ma'aikatan kashe wuta a wurin duk yini? Za a koya maka tutoci kafin ka shiga? Rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa. Ja tana nufin an tsai da zagayen. Baƙa kuwa kai ake kira ka fito. Makarantar da ta miƙa maka makulli ba tare da wannan bayani ba, ka karɓi kuɗinka ka tafi.

Ka karanta takardar da za ka sa wa hannu, musamman sashen ɓarna. A makarantu da yawa, in ka lalata motarsu akwai kason da za ka biya daga aljihunka, kuma ya kamata ka san iyakarsa tun kafin ka sa hular kwano. In da motarka za ka shiga, ka sani inshora ta yau da kullum galibi ba ta ɗaukar abin da ya faru a filin tsere, sai an sayi ta musamman. Ka kuma kai motar wurin makanike ya duba takalman birki, ya zuba sabon man birki, domin tsohon mai yana shan ruwa, in ya yi zafi ya tafasa sai ƙafa ta nutse babu birki. Ka duba shekarun taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2319, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Mu da muke sayen tayoyin gwanjo ya kamata mu riƙe wannan, ko da motarmu ba ta tsere ba ce.

Kada kuma tsohon suna ya isar maka. Makarantar Skip Barber ta durƙushe saboda bashi a 2017, wasu suka saye ta suka ci gaba. Ta Bondurant ta shiga irin wannan hali a 2018, aka sayar da ita, a 2021 aka sāke mata suna Radford. Suna yana iya zama ɗaya, masu gida da malamai sun canza. Ka nemi wanda ya je bana ka ji daga bakinsa, ka kuma tambayi ƙa'idar maido kuɗi in an soke kwas.

Haɗarin da yake biyo bayan takardar shaida

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1974 ya kwatanta direbobi masu lasin tsere da sauran direbobi, aka tarar masu lasin tseren sun fi yin haɗari a titi, sun kuma fi samun tarar gudu. A ƙasar Norwe an wajabta wa sababbin direbobi kwas na tuƙi a kan santsi a 1979, da aka auna sakamakon sai aka ga haɗari a kan santsi ya ƙaru a cikin samari maza. Sun koyi kaɗan, suka ɗauka sun iya duka, suka ƙara gudu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To, a nan ne ake gane makaranta ta gari. Ita ce wadda ɗalibi zai fito daga cikinta ya san iyakarsa, ya ga da idonsa yadda ƙarin kilomita 10 kawai yake sa mota ta kasa tsayawa inda ta tsaya ɗazu. Kafin ka biya, ka tambayi malamin abin da yake faɗa wa ɗalibansa game da tuƙi a titin jama'a. Amsarsa za ta nuna maka irin makarantar.

A filin tsere kowa ya nufi gefe ɗaya, babu rami, babu tirela, babu yaro mai tsallaka hanya. A hanyar Kaduna zuwa Abuja ko ta Jos zuwa Akwanga duk akwai su. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, da 50 a cikin gari, kuma babu takardar shaidar da ta ɗauke wa kowa wannan doka. Masu juya mota a tsakiyar titi ranar biki, jama'a na tsaye a gefe, su ma su ji.

Iyaye da matan aure, in naku ya sayi irin wannan mota, kada ku tsaya ga taya murna kaɗai. Ku tambaye shi inda ya koyi sarrafa ta, in bai je ba ku matsa masa ya je, in kuma ya dawo ku lura da yadda yake tuƙi da iyali a ciki. Ran da yake cikin motar, da ran mai tafiya a ƙasa, amana ce a hannun direba. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.