Mace ta Farko 'Yar Asiya a Kakin 'Yan Sandan Landan

 Yau birnin Landan muka nufa, wajen wata mata mai suna Karpal Kaur Sandhu.

Ku riƙe sunan nan, Karpal Kaur Sandhu. Da jin sa za ku ce Indiya, amma a Zanzibar aka haife ta, nan Afirka tamu, a 1943, a gidan mabiya addinin Sikh. Ta isa Ingila a 1962, ta kama aikin jinya a asibitin Chase Farm. Aiki ne da ba wanda zai ɗaga mata gira a kansa. Sai ga shi ranar 1 ga Fabrairun 1971, tana da shekara 27, ga 'ya'ya biyu, ta ajiye farar riga ta sa kakin 'yan sanda. Ita ce mace ta farko 'yar asalin Asiya a rundunar birnin.

To ku duba zamanin. Mata 'yan sanda a lokacin sashensu daban, yawanci shari'ar yara da mata ake tura musu, sai a 1973 aka haɗe su da maza. A haka ta yi aiki a unguwar Hornsey, daga baya Leyton.

Aikin bai kai shekara uku ba. A Nuwamban 1973 aka kashe ta a unguwar Walthamstow. Ba ɗan fashi ba ne, jama'a, mijinta ne, wanda bai taɓa yarda da wannan aiki nata ba. Mijinta. Kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai a 1974.

A 2021 rundunar ta yi bikin cikar shekara 50 da shigarta, an zuba yabo. Madalla. Sai dai ni yabon bai gama gamsar da ni ba. Wata 'yar sanda mai suna Parm Sandhu, wadda ta kai babban muƙami a rundunar, ta bar aiki a 2019, ta kai ƙara tana zargin wariya, aka sasanta. A 2023 kuma rahoton binciken da Louise Casey ta yi ya ce wariyar launin fata da ƙyamar mata sun yi jijiya a rundunar.