RIJIYA DA DUTSEN DA KE ƘARƘASHINTA



Tambayar da na zo da ita yau mai sauƙi ce a baki: me ya sa a wani gari akan haƙa rijiya gaba uku a tarar da ruwa, a wani garin kuwa a yi gaba goma sha biyar a tashi a tutar babu? Ni harshe na karanta, ba duwatsu ba, amma na lura harshen namu ya riga ya ajiye rabin amsar. Mahaƙin rijiya yana da sunan duk abin da ya ratsa: rairayi, tsakuwa, marmara, yumɓu, har ya kai ga fa, watau shimfiɗaɗɗen dutsen da ke mayar da bakin diga. Abin da masana ilmin ƙasa suka ƙara shi ne bayanin asalin waɗannan abubuwa da yadda kowannensu ke riƙe ruwa.

Da farko dai, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kogi ba ne mai gudu a cikin rami. Ku tuna yadda akan tona yashin rafi da rani, ruwa ya tsattsafo. To, haka abin yake a can ƙasa. Ruwan sama ne ke nutsewa, ya cika 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, har ya ci karo da abin da ba ya iya ratsawa, kamar yumɓu ko fa, sa'an nan ya kwanta. Da damina ya hau, da bazara ya sauka, shi ya sa igiyar guga ke neman ƙari a watan Afrilu.

Ƙasarmu kuwa ta kasu gida biyu. Kano da Zariya da yawancin ƙasar Katsina suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ya haura shekara miliyan 500. Wani sashensa narkakke ne a cikin ƙasa kafin ya huce ya daskare, dutsen Kufena na Zariya ma irinsa ne da ya leƙo waje. Wannan dutse ba shi da kafofi. Ruwa ba ya samun mazauni sai a samansa, inda ya ruɓe ya zama ƙasa, ko kuma a cikin tsagoginsa. Saboda haka ana iya haƙa rijiyar burtsatse biyu a unguwa ɗaya, wadda ta faɗa kan tsaga ta ba da ruwa, ɗayar ta ba da ƙura.

Gida na biyu shi ne ƙasar Sakkwato da ta Barno, inda tsohon dutsen ya lotsa kamar ƙwarya, ruwa ya yi ta jibga yashi da laka a ciki, hawa bisa hawa. A Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, farin dutsen da ake yin siminti da shi yana ɗauke da ɓawon halittun teku, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wurin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A Barno kuma akwai shimfiɗar yashi mai ruwa a can ƙasa ƙwarai, wadda yumɓu ya danne. Idan aka huda yumɓun, sai ruwan ya taso da kansa ba tare da famfo ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 an haƙa irin waɗannan rijiyoyi da yawa, aka bar da dama daga cikinsu suna kwarara dare da rana, ƙarfin ruwan ya yi ta raguwa. Alhali kuwa ruwan nan ya sauka ne tun dubban shekaru, zamanin da yankin ya fi yanzu damshi, kuma damina ɗaya ba ta mayar da abin da aka zubar.

To, ina amfanin wannan bayani ga wanda ke zaune a ofis? Amfaninsa shi ne kuɗin jama'a da lafiyarsu. Kada a ba da kwangilar rijiya sai an auna wurin da na'urar da ke gano tsaga da damshi, an kuma tambayi tsofaffin mahaƙan garin abin da suka sani. A rubuta zurfin kowace rijiya da irin ƙasar da aka ratsa, domin na baya su amfana. Rijiyar da ke tasowa da kanta a sa mata makulli. A cikin gari kuma a nisanta rijiya da masai, gama kafofin da ruwa ke bi, su ƙazanta ke bi.

Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Ƙasa tana da nata tsarin, tana kuma bayarwa gwargwadonsa. Ya rage namu, mu da muka yi karatu, kada mu zama gugan.