Ofis a Abuja, Kwana a Bolari

Idan aka yi wa mutumin Legas maganar aiki daga gida, cunkoson motoci ne ke fara faɗo masa a rai. Mazaunin Bolari a garin Gombe ba shi da wannan ciwon kan, domin daga unguwarsa zuwa Jekadafari ko Tudun Wada tafiyar mintoci ce a Keke Napep. Nasa lissafin daban ne.

Da farko akwai kuɗin abin hawa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Tun a 2023 abin ya kai gwamnatocin Kwara da Edo sun rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Kaduna ma ta riga su, don tun Disamban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta mayar da ranakun ofis huɗu.

Amma babbar ribar ɗan Gombe ta fi kuɗin keke. Matashi zai gama Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, ya iya kwamfuta da lissafin kuɗi, sai ya tarar kamfanin da ke neman irinsa yana Abuja ko Legas. A da, dole ya tattara ya tafi, ya biya hayar shekara guda tun kafin ya ga albashin farko, ya riƙa ganin iyayensa daga salla sai salla. Yau kuwa mai rubuta manhaja, da mai zanen talla, da mai fassara Turanci zuwa Hausa ko Fulatanci, duk suna iya miƙa aikinsu ta intanet daga ɗakinsu. Albashin Abuja ne, cefane kuma a kasuwar Gombe. Ba a rasa matashin wurin suna ko jana'iza, kuma abin da ya samu mai shago da tela na unguwa ne ke cin moriyarsa.

Mata kam abin ya fi yi musu daɗi. Da yawa sun yi karatu sun ajiye takardun saboda goyo, ko don maigida bai yarda da fita kullum ba. Aikin da ake yi a tsakar gida ya kashe wannan gardamar.

Shugabannin ofis kan ce wanda ba a sa wa ido barci zai yi. Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ta Amurka ya gwada wannan zance a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, ya gano masu amsa kiran waya daga gida sun ƙara yawan aiki da kashi 13 cikin ɗari. Wani bincikensa na 2024 ya nuna barin ma'aikata su yi kwana biyu a gida ya rage masu ajiye aiki da kashi ɗaya bisa uku.

Sai dai ba kowa ne zai iya aiki daga gida ba. Ma'aikaciyar jinya a Asibitin Koyarwa na Tarayya ba za ta yi allura ta waya ba. Ga kuma matsalar wuta: a Afrilun 2024 ɓata-gari sun lalata turakun layin Jos zuwa Gombe, gari ya daɗe cikin duhu. Shi ya sa masu wannan sana'a suke fara tanadin sola da batir, su riƙe layukan waya biyu ko da ɗaya zai yanke ana tsakar taro, sannan su fahimtar da yaran gida da baƙi cewa ganin mutum a ɗaki da hantsi ba ya nufin ba shi da abin yi.