Guzurin lemo da ruwa a jirgin ruwan shaƙatawa: wa ke hanawa, kuma don me?

Mu da muka yi makarantar kwana ba za mu manta da ranar komawa hutu ba. Kowa na tsaye a bakin ƙofa da akwatinsa, malami na zazzage kaya: garin kwaki ya wuce, suga da madara su wuce, abin da doka ta hana kuwa a ajiye shi gefe. To, ku sani cewa manyan mutane masu kuɗi ma ana yi musu irin wannan bincike, a tashar jiragen ruwa ta birnin Miami da ke jihar Florida a Amurka, lokacin da za su hau jirgin ruwan shaƙatawa. Cikin abubuwan da ake dubawa har da lemo da ruwan sha.

Jirgin ruwan shaƙatawa ba na ɗaukar kaya ba ne, ba kuma na tsallakar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan ba. Otal ne mai tafiya a kan teku, wanda mutane ke biyan kuɗi su yi kwana uku ko mako guda a cikinsa, yana zagayawa da su tsibirai. Ɗaya daga cikin mafiya girma shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinjoji har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari guda ke nan, kuma kowa a cikinsa yana jin ƙishirwa.

Kuɗin tikiti ya ƙunshi ɗakin kwana da yawancin abinci. Amma a mafi yawan kamfanoni bai ƙunshi lemon gwangwani da ruwan gora ba, sai dai ka saya. Kuma a tsakiyar teku babu shagon makwabta da za ka leƙa ka ji ko ya fi sauƙi. Mai kanti ɗaya ne, farashin da ya yanka shi za ka biya, a kuma ɗora maka wani kaso na ladan ma'aikata. Shi ya sa fasinjoji da yawa ke son shiga da nasu guzurin.

Kowane kamfani da tasa dokar. Carnival ya yarda kowane fasinja ya shiga da gwangwani ko kwali 12 na abin sha marar sa maye, wanda ba a buɗe ba, kowanne kada ya wuce kimanin mililita 355, kuma a ranar hawa jirgi ne, a jakar hannu. Gora da kwalba kuwa ya hana su tun 2015. Royal Caribbean ya yarda da guda 12 masu mililita 500, amma ga kowane ɗaki, ba kowane mutum ba. Shi kuwa Norwegian tun 2016 ya hana shiga da lemo da ruwa, in ban da ruwan da za a haɗa wa jariri madara ko wanda na'urar marar lafiya ke buƙata. Kamfanin Disney ya bi wata hanyar: lemo kyauta ne a wuraren cin abinci na jiragensa. Waɗannan dokoki suna canzawa, don haka mai niyyar tafiya kan karanta na kamfaninsa kafin ya ɗaure kaya.

Me ya kawo hanin? Dalilin da Carnival ya bayar shi ne wasu fasinjoji na zubar da ruwan gora su ɗura giya, su mayar da murfi kamar ba a taɓa ba. Duba gora ɗaya bayan ɗaya yana tsawaita layi, ga dubban mutane na jiran shiga cikin 'yan sa'o'i. Gwangwani kuwa in an fasa shi ba ya rufuwa. Akwai kuma batun shara. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai suna MARPOL ta haramta wa jirage zubar da roba a teku tun 1988, saboda haka duk gorar da ta shiga jirgi sai an tattara ta an adana har a kai tudu. Dalili na uku ba a cika faɗarsa ba, amma ba a ɓoye yake ba: sayar da abin sha na cikin hanyoyin da kamfanonin ke samun riba.

Yanzu mu ɗauki biro mu yi lissafi irin na aji. Gora 12 masu rabin lita lita 6 ke nan, nauyin kilo 6 da za ka yi ta jan sa a hannu kafin a buɗe ɗakuna. In mutum biyu ne a ɗakin, tafiyar kuma ta kwana 7 ce, kowa bai samu rabin lita a rana ba. Ga wanda ke yawo cikin zafin rana a tsibiran Karibiyan, wannan ba ya kashe ƙishirwa. Ashe guzurin ba zai raba fasinja da ruwan jirgin ba.

To ina jirgin ke samun nasa ruwan? Wani yana ɗura shi a tasha, amma manyan jirage suna sarrafa ruwan teku da kansu. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, shi ya sa ba ya shayuwa. Hanya ta farko ita ce a dafa shi da zafin injin jirgi, tururi ya tashi ya bar gishiri, a sanyaya tururin ya koma ruwa, kamar gwajin da ake yi a darasin kimiyya. Ta biyu ita ce a tura ruwan da ƙarfin gaske ta cikin wani rariya mai ƙananan ƙofofi, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Bayan nan a sa sinadarin kilorin don kashe ƙwayoyin cuta. Jiragen da ke tsayawa a tashoshin Amurka kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, tana kai musu ziyarar ba-zata tana duba tsabtarsu, har da ta ruwan sha. Wannan ruwa shi ke fitowa a famfon ɗaki, shi ake kawowa a teburin abinci, kuma ba a biyan ko sisi.

Lemon fa? Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355 yana ɗauke da suga giram 39, wato kusan ƙaramin cokali 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babban mutum ke sha ya wuce kimanin giram 50 a rana. Gwangwani biyu sun zarce wannan da nisa. Wanda ya jawo katan na lemo don ya tsira da kuɗinsa ya yi dabara, amma wanda ya shiga da gorarsa ta ƙarfe babu komai a ciki, ya riƙa cika ta da ruwan jirgi, ya fi shi riba a aljihu da kuma a jiki.

Yawancinmu ba mu da shirin hawa irin wannan jirgi a bana ko baɗi. Amma salon cinikin ba baƙo ba ne a wurinmu: a sa farashin shiga da sauƙi, in ka shiga a fara ƙirga maka na abin da ba ka tambaya ba. Za ku gamu da shi a wurin shaƙatawa, a tsarin data na waya, har a takardar kuɗin makaranta. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin ku biya kuɗin komai, ku tambaya me kuɗin ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba, kuma me aka yarda ku zo da shi daga gida. Sannan ku karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda, domin a nan ake rubuta ko gorarku za ta wuce ƙofa.