Suna linzami: abin da ke hana ma'aikacin nesa shiga kwamfutar biro

Tun daga shekara ta 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe wuraren aiki a ƙasashe da dama, aiki daga nesa ya zama ruwan dare. Ma'aikacin da ke reshen Maraɗi ko Damagaram, ko ɗan kasuwar da ya sauka otel a Kwatano, yana iya buɗe takardun da ke ajiye a babban biro na Yamai ta hanyar da ake kira VPN, wato wani rufaffen lungu da ake shatawa cikin intanet domin kada na waje ya ga abin da ke wucewa. Sai dai akwai kukan da masu kula da na'urori suka gaji da ji: kwamfuta ta nuna an haɗa, amma takarda ta ƙi buɗuwa. Nan da nan sai a ɗora laifi kan rezo, alhali sau da yawa suna ne ya ci karo da suna.

Kwamfutoci da lamba suke kiran junansu. Sunan da mutum ya rubuta, akwai wani kundi mai suna DNS, wanda aka ƙirƙiro a 1983, da ke mayar da shi lamba. Mai aiki ta VPN yana tsakanin kundi biyu ke nan, na biro da na kamfanin da ke ba shi intanet. In ya rubuta guntun suna kamar "lissafi", tambayar tana iya zuwa kundin waje, wanda bai taɓa jin wannan suna ba. Kamar mutum ne ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce yana neman Abdu, bai faɗi ɗan wa ba, bai faɗi unguwa ba.

Gwajin ba ya da wuya. A kira babbar kwamfutar biro da lambarta ta umurnin ping, sannan a kira ta da sunanta. In lamba ta amsa suna bai amsa ba, matsalar ta kundi ce, kuma umurnin nslookup zai nuna wane kundi ne ya ba da amsar. Maganin gaggawa shi ne rubuta cikakken suna. Na dindindin kuwa, a saita VPN ta riƙa aika tambayar sunayen biro ga kundin biro.

In lambar ma ba ta amsa ba, sai a duba akwatin intanet na gida. A 1994 aka keɓe rukuni uku na lambobi domin amfanin cikin gida, kuma yawancin akwatunan da ake sayarwa suna zuwa da lambobin da suka fara da 192.168.0 ko 192.168.1. Biro da yawa an bar su a kan waɗannan lambobi tun ranar da aka kunna na'ura. Idan gida da biro lamba ɗaya suke, kwamfuta za ta ɗauka abin da ake nema yana cikin ɗaki, ba za ta shiga lungun ba sam. Wannan sakaci ne kawai, domin rukunin da ya fara da 10 yana da lambobi fiye da miliyan 16.

Abin da ya fi takarda ƙin buɗuwa haɗari shi ne wani baƙo ya amsa kiran. Kamfanoni da dama sun raɗa wa rezonsu na cikin gida suna "corp", bisa misalin da tsofaffin manhajojin Windows suka bayar. To amma sunan corp.com ya kasance mallakar wani mutumin Amurka daga 1994 zuwa 2020. Da ma'aikaci ya fita biro da kwamfutarsa, ko VPN ta yanke, sai na'urar ta ƙarasa sunan da kanta, ta tafi ƙwanƙwasa ƙofar wannan mutum ɗauke da sunan ma'aikacin da kalmarsa ta sirri. Wani bincike na 2019 ya ƙirga kwamfutoci fiye da 375.000 da suka yi haka cikin wata takwas. Mai sunan ya sa shi a kasuwa kan dala 1.700.000, dalar Amurka fa, ba ta kasuwar Tawa ba, kuma a watan Afrilu na 2020 kamfanin Microsoft ya saye shi don kada ya faɗa hannun ɓarayi.

Masu amfani da ƙarshen suna .local su ma suna kan siraɗi, domin tun 2013 an keɓe shi ga na'urorin da ke neman junansu cikin gida ɗaya, shi ya sa kwamfutocin Apple kan yi gardama da shi. Hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta ware .internal a 2024 domin amfanin cikin gida. Wanda ya fi son kwanciyar hankali sai ya yi rajistar sunansa na kansa, misali ƙarƙashin .ne na Nijar, ya gina sunayen biro a kansa. Sauya suna aiki ne mai cin kwanaki, kuma dole a tsayar da na'urori, don haka galibi ranakun Asabar da Lahadi ake yin sa.