Tallafin Masu Fasaha a Lokacin Korona: Wa Ya Samu, Wa Aka Tsallake?

Mai karatu, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na al'adu, don wanda bai samu saurare ba.

Ka tuna watan Maris na 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba? Daga Yamai har Kano aka rufe iyakoki, aka taƙaita taro. To, mai kalangu ko mai gurmi ba albashi gare shi ba. Abincinsa yana wurin biki da suna da naɗin sarauta. Ranar da aka hana taro, ranar aka sauke masa tukunya.

Ba wai ba a yi yunƙuri ba fa. Ranar 15 ga Afrilun 2020 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da ResiliArt, sai dai dandali ne na jin koken masu fasaha, ba na rabon kuɗi ba. Asusun Al'adun Afirka da ke Bamako ya buɗe tallafin gaggawa mai suna SOFACO. Cibiyar Goethe da ma'aikatar harkokin wajen Jamus ma sun ware kuɗi don ƙungiyoyin al'adu na ƙasashen waje. Shi kuwa shirin da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2019 rance ne, sai an biya.

Matsalar tana ga hanyar nema. Sanarwa a intanet take fita, galibi da Faransanci ko Ingilishi. Akan buƙaci tarihin aikinka a rubuce, da bidiyo ko faifai, da kasafin yadda za ka kashe kuɗin, da asusun banki, wani lokaci har da takardar rajistar ƙungiya. Yanzu ka duba makaɗin da ya shekara talatin yana cika fili a Maraɗi ko Garwa: garinsu kaf an san shi, amma ga mai tantance takardu a wata ƙasa, kamar babu shi ne. Ka ga ke nan wanda ake gani shi ake ba wa.

Waɗanda suka riga suka shiga waya kuwa, kullen bai rufe su ba. A shekarar ce shirin Izzar So ya fara fita a YouTube ya tara masu kallo, waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker kuma ta zagaye gidaje ta hanyar bidiyon rawa da mata suka riƙa ɗorawa.

Saboda haka in kai mai fasaha ne, ko kana da shi a gida, kada ka jira wata masifar. Ku haɗu ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku buɗe asusu. Duk wasan da kuka yi a ɗauke shi ko da waya ce, a rubuta rana da wuri. Ku nemi matashi mai boko ya riƙa duba muku sanarwa. Wanda kuma ya ce sai kun ba shi kuɗi kafin tallafi ya fito, ku yi hattara da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.